Littafin Awon Tela

Ranar Litinin da ƙarfe goma na safe aka gano littafin awon Tela ba ya cikin akwatinsa, kuma kafin sha ɗaya kowa a laburaren jami'a ya riga ya san ɓarawon. Matsalar kawai ita ce kowa da nasa ɓarawon.

Tela mawaƙi ne, ya rasu shekara ashirin da suka wuce. Yana raye ɗinki yake yi a wani ɗan shago, ba mai sauraron waƙoƙinsa sai wanda ya zo jiran riga bai da yadda zai yi. Da ya mutu sai jami'a ta gano ashe babban mutum ne. Yawancin waƙoƙin a littafin awo ya rubuta su, tsakanin faɗin kafaɗar wannan da tsawon hannun wancan, haɗe da duk abin da ya ba shi haushi ko dariya a ranar. Wata biyu da suka wuce iyalinsa suka ba laburare littafin, aka ce kada kowa ya taɓa sai an ɗauki hoton shafukansa an zuba a rumbun bayanai, inda duk mai kati zai iya buɗewa ta kwamfuta. Masu ɗaukar hoton suka zo ranar Litinin ɗin, aka buɗe akwati, sai ƙyallen da ake naɗe littafin, an linke shi tsaf. Ɓarawon yana da tarbiyya.

Mai shara aka fara zargi, kamar yadda aka saba, domin ita ce ba ta da digiri. Da aka tuna tun watan jiya take hutun haihuwa, sai aka yi mata afuwa ba da son rai ba. Shugaban laburare mutum ne mai son a rufe magana tun ba ta kai kunnen na sama ba, don haka kafin a tashi aiki ya karɓe makullan ɗakin tsofaffin takardu daga hannun tsohon da ya riƙe su shekara talatin da ɗaya, ya miƙa masa takardar dakatarwa. Kwamiti zai zauna ranar Alhamis. In littafin bai fito ba, kora ce, da kalmar sakaci a rubuce. Saura wata huɗu tsohon ya yi ritaya.

Tsohon nan kawun Mai Sawu ne, yayan mahaifiyarta, kuma shi ya koya mata jera littafi a kanta tun kafin ta san tana son aikin. Ita ce ke kula da rumbun bayanai. An laƙaba mata sunan ne saboda takan ce mutane sun ɗauka kwamfuta siminti ce, alhali rairayi ce: duk wanda ya nemi wani abu a rumbu sai ya bar sawu, da lokacin da ya nema, da kalmar da ya rubuta, da kwamfutar da ya zauna a kai. Suna ne kawai ba ya fitowa. Ita kuwa ba ta taɓa ganin hakan a matsayin cikas ba.

Ta tarar da Kawu a benci bakin matakala, ya ɗora takardar a gwiwa kamar an ba shi riƙon jaririn da bai san iyayensa ba. Ta tambaye shi waɗanda suka shiga ɗakin a makon jiya. Ya lissafa da yatsa: ɗalibar nan mai yin digiri na uku a kan Tela, ta zo Laraba ta roƙi a bar ta ko warin littafin ta ji, ya hana; jikan Tela, mai kemis, ya zo Alhamis; sai masu gyaran fanka biyu, waɗanda ya tsaya a kansu har suka sauko daga tsani. Dukansu sun sa hannu a rajista. Ranar Juma'a da safe ya duba akwati, littafi na nan.

"Ba wani kuma, Kawu?"

"Ba baƙo ko ɗaya, 'yata. Ni da ko ƙadangare ya leƙo sai na tambaye shi katinsa."

Daga nan ta sauka wurin maigadin ƙofa. Shi wannan bawan Allah ya ɗauki binciken jaka tamkar gadon gidansu. Ya taɓa sa shugaban laburare buɗe kwanon abincinsa a gaban ɗalibai, kuma har yau yana ba da labarin a matsayin ranar da ya fi alfahari da ita. Ya shaida mata an manna wa littafin awo ɗan ƙarfen nan da ke sa ƙofa ƙara, ƙofa kuwa ba ta yi ƙara ba tun ranar da wani malami ya manta da ƙamus a hammata. Tagogi duk da waya. In littafi ya fita, in ji shi, to fiffike ya yi.

Ta yarda da shi, kuma yardar ba ta sanyaya mata rai ba. Littafin yana cikin gini ke nan, tare da 'yan'uwansa dubu ɗari huɗu. Duk ma'aikacin laburare ya san littafin da aka ajiye a kantar da ba tasa ba ya fi wanda aka jefa rijiya ɓata, domin rijiya ko ba komai an san inda take.

Sawun farko a fili yake. A mako biyu an buɗe shafin bayanin littafin awo sau sittin da uku daga kwamfuta ta huɗu, ta bakin taga, inda ɗalibar take zama tun safe har a kore ta. Ranar Talata Mai Sawu ta ja kujera kusa da ita. Yarinyar ba ta musa ba. Ta ce tana dubawa ne kamar yadda mai jiran mota ke leƙa hanya, ya san leƙen ba zai kawo ta ba. Shekara uku tana haƙa a rumbu: ta fito da waƙoƙin Tela goma sha ɗaya daga tsofaffin mujallu, ta gano biyu da aka jingina masa ba nasa ba ne, ta tara duk wanda ya taɓa ambatonsa ko da a ƙasan shafi. Abu ɗaya ya rage mata, kuma da ma a ranar Litinin ɗin da aka gano ya ɓata za a ba ta shi kyauta a rumbu.

"Anti, wa ke fasa shago daren da aka ce gobe za a raba kaya?"

Mai Sawu ta tambaye ta yadda suke da Farfesa, mai duba aikinta. Ta ce lafiya lau, duk babin da ta kai sai ya dawo mata da shi da jimla ɗaya, a koma a karanta littafinsa. Ko ta karanta? Ta duba hagu da dama, ta ce taƙaitaccen bayanin da ke rumbu ta karanta, layi goma sha biyu, shi ma sai da ta wanke fuska a tsakiya.

Jikan Tela ya fi kama da mai laifi, domin akwai wasiƙarsa a fayil yana neman a mayar wa iyali littafin. Ta same shi a kemis yana gardama da wata mata a kan cewa maganin tari ba ya gyara ciwon gwiwa ko da ya yi wa maƙwabciyarta. Da ya ji abin da ke tafe da ita sai ya yi dariya har ya dafa kanta. Wasiƙar ba tasa ba ce, kakarsa ce ta tsaya a kansa ya rubuta. Tela ya yi shekara arba'in yana ɗinka wa matarsa kaya, kuma duk awon da ya yi mata yana cikin littafin, da kwanan wata. Tsohuwa ta ce ba ta yarda duniya ta zauna a gaban kwamfuta tana kallon yadda ƙugunta ya yi ta ƙaruwa shekara bayan shekara ba. Ranar Alhamis ya je ya yi wa Kawu bayani, Kawu ya yi alkawarin za a rufe waɗannan layukan da farar takarda kafin a ɗauki hoto, magana ta mutu. Yanzu ma Kaka ta fi kowa tashin hankali, don ba ta san a hannun wa ƙugunta yake ba.

Farfesa kuwa shi ya aiko a kira ta. Ofishinsa na sashen adabi, hoton Tela a bango, girmansa ya kusa na ƙofa. Kowa ya san tarihin, domin ba ya bari a manta: yana saurayi ya yi ta zuwa shagon Tela da rikoda, ya yi hira da shi sau goma sha bakwai, daga hirar nan ya rubuta littafi mai juzu'i uku, kuma Tela da bakinsa ya kira shi ɗana. Ya ba ta kujera, ya yi minti arba'in yana bayyana mata cewa satar alama ce ta lalacewar zamani. Bai ambaci sunan kowa ba, ya dai ce yaran yanzu suna son su riga malamansu isa. Game da Kawu ya girgiza kai, ya ce mutumin kirki ne, sai dai tsufa ba ya sallama. Yana cikin kwamitin Alhamis, kuma zai roƙa a sassauta.

Ta yi godiya. Ta fito da ciwon kai da kuma sanin cewa saura kwana ɗaya da rabi.

Ranar Laraba ta daina neman waɗanda suka nemi Tela. Duk mai sha'awar Tela ya bar sawu, sawun ya yi yawa har ya taka juna. Sai ta koma neman wanda tafiyarsa ta sake, domin dabbar da ta taka ƙaya ba ta canja hanya, taku take canjawa. Ta jera sawun wata guda, ta raba shi biyu, kafin Juma'a da bayanta, ta zauna da kofin shayi tana gwadawa.

Akwai wani sawu da ma'aikatan rumbu suka daɗe da sani, har sun daina yi masa dariya. Kowace ranar aiki, ƙarfe tara da minti biyar, daga wata kwamfuta a sashen adabi, ana neman littafin Farfesa mai juzu'i uku. Rumbu ya ba da amsa: yana kan kanta. Shekara goma sha ɗaya ke nan amsar ba ta taɓa sakewa ba, domin ba wanda ya taɓa aronsa. Sau ɗaya a rana, kamar shan magani.

Ranar Juma'a an nema da tara da minti biyar. An sake nema ƙarfe huɗu, da huɗu da rabi, da biyar saura kwata. Litinin sau tara. Talata sau goma sha huɗu, biyu daga ciki a daidai lokacin da take zaune a ofishin ana yi mata bayanin lalacewar zamani.

Ta ajiye kofin ta sauka ɗakin ƙasa, inda ake kai littattafan da aka daina tambaya. Ta bi lamba har kanta ta ƙarshe kusa da bututun ruwa. Juzu'an uku suna cikin kwalinsu guda mai buɗaɗɗen baki. Ƙurar da ke kan maƙwabtansu ta isa a shuka gero, amma a saman kwalin akwai sawun yatsu huɗu, kuma juzu'an sun turo waje da faɗin yatsa, kamar akwai abin da ya tokare su daga baya. Hannunta ya ɗaga da kansa, ta mayar da shi. In ita ta fito da littafin, kafin yamma labari zai zama Kawu ne ya ɓoye, 'yar ƙanwarsa ta rufa masa asiri.

Da yamma ta biya gidan Kawu. Matarsa ta tare ta a ƙofa da ƙarar cewa kwana uku ke nan yana jera mata kwanuka bisa tsayi, in ba a mayar da shi aiki ba ita za ta nemi nata. Mai Sawu ta zauna, ba ta sake tambayarsa wa ya shiga ɗaki ba. Ta tambaye shi wa ya haɗa wa shayi ranar Juma'a.

"Farfesa mana. Bayan ƙarfe uku, kamar kullum."

"Ka ce ba wanda ya shiga."

"Na ce ba baƙo. Farfesa baƙo ne? Tun yana da gashi yake shan shayi a ɗakin nan."

Bai taɓa sa shi sa hannu a rajista ba, abin kunya ne ma a miƙa wa irinsa biro. Butar kuwa a ƙarshen baranda take, zuwa da tafasa da dawowa minti goma. Kawu yana faɗa yana jin abin da yake faɗa, har muryarsa ta yi ƙasa. Sai ya ce kada ta kunyata mutum a gaban jama'a. Ta ce masa gobe dole a kunyata mutum ɗaya, ita dai tana ƙoƙari ne kada ya zama wanda ya dafa shayin.

Ranar Alhamis ƙarfe goma ofishin shugaba ya cika. Shugaba a kujerarsa, Farfesa a damansa da fayil, Kawu a gefe cikin rigarsa mafi kyau. Mai Sawu ta roƙa a shigo da ɗalibar da mai kemis, tunda sunayensu na rajista. Shugaba ya tambaye ta ko ta kawo ɓarawo. Ta ce a'a, ranka ya daɗe, ɗan ƙaramin aiki ne ta kawo kafin a fara: ɗalibar nan ta yanke shawarar bin umarnin malaminta, tana son aron littafinsa duka juzu'i ukun, kuma fito da littafi daga ɗakin ƙasa sai da sa hannun shugaba. Ga takardar. Maigadi na bakin ƙofa, zai iya ɗaukowa yanzu.

Ɗalibar, wadda ba ta san ta yanke wannan shawara ba, ta gyaɗa kai a hankali. Shugaba ya ɗauki biro.

"Ba sai an wahalar da kowa ba," in ji Farfesa. "Littafin ya tsufa."

Biro ya tsaya.

"Akwai kurakurai a ciki. Juzu'i na biyu musamman, ban ba ɗalibi shawarar ya karanta shi ba. A gaskiya duka ukun a bar su inda suke."

Shugaba ya cire tabarau. Shekara goma sha ɗaya mutumin nan yana rubuto masa takarda duk zango, a ƙaro kwafi ashirin, a fito da littafin gaban ƙofa inda ido zai gan shi. Ya dubi Farfesa, ya dubi Mai Sawu, ya sa hannu.

Maigadi ya dawo rungume da kwalin. Ba a ce masa ya yi komai ba, amma shi abu mai baki ba ya wuce hannunsa bai leƙa ba. Ya zare juzu'an ɗaya bayan ɗaya, ya kifa kwalin ya bubbuga gindinsa. Wani siririn littafi mai baƙin bango, gefensa duk alli, ya zamo ya kwanta a kan takardar korar Kawu da aka riga aka shirya.

Farfesa bai yi gardama ba, wannan kam a ba shi. Ya ce haƙuri ne ya gaza masa ranar Juma'a, ya buɗe akwati don ya ga rubutun hannun Tela minti ɗaya, sai ya ci karo da labarin kansa a shafi na arba'in da ɗaya. Shugaba ya ce a karanta. Kawu ya goge hannu, ya buɗe, ya karanta ba tare da ya ɗaga ido ba:

"Yaron nan mai rikoda ya dawo. Ya tambayi dalilin waƙar kogi, na ce masa mahaifiyata ce ruwa ya ci, ga ta kuwa a ɗaki tana minshari. Duk abin da ya zo bakina nake gaya masa don ya tafi in gama wandon mutane."

Juzu'i na biyu, shafi ɗari uku da ashirin, a kan mutuwar uwar nan a ruwa aka gina shi. Mai kemis ya ce Allah ya ji ƙanta, ai a gadonta ta rasu tana da shekara casa'in da huɗu, tana faɗa da kowa. Ɗalibar ta cusa gefen mayafinta a baki.

Farfesa ya ce bai yi niyyar ƙona shi ko fita da shi ba. Ya so ne ya ajiye shi inda ba mai zuwa, har ya samu lokacin tunani, kuma a duk ginin nan wuri ɗaya ne yake da tabbacinsa. Ya ƙara da cewa da ma zai roƙa wa Kawu sassauci. Mai Sawu ta ce haka ne, ya gaya mata, har ta yi godiya.

Shugaba ya jawo aljihun tebur ya fito da makullai, ya tura su gaban Kawu, ya ce takardar dakatarwa kuskuren ofis ce, a ɗauka ba a rubuta ba. Kwamiti zai ci gaba da zama, sai dai an samu canjin wanda za a zauna a kansa. Kawu ya ƙirga makullan, bakwai cif, ya zuba a aljihu. Sannan ya juya.

"Farfesa, a arba'in da ɗaya ka tsaya?"

"A nan na rufe."

"Ai da ka juya gaba. Ni da na ƙirga shafukan sai da na karanta duka, aikina ne."

Ya buɗe shafi na hamsin da takwas ya tura masa. Awo ne a sama, kafaɗa da hannu da wuya, ba sunan mai kaya. A ƙasa Tela ya rubuta cewa yau kwana tara yaron mai rikoda bai zo ba, shago ya yi shiru, shi kaɗai ne ya taɓa tambayarsa dalilin waƙa. Ya ɗinka masa riga da awon ido, don tasa ta mutu a gwiwar hannu. In ya zo zai ba shi, ya kuma gaya masa gaskiyar waƙar kogi.

Yaron bai koma ba. Ya ga abin da ya tara ya ishe shi littafi.

Farfesa ya daɗe yana kallon lambobin kafaɗarsa ta shekara talatin da biyar da suka wuce. Da ya ɗago, ba shugaba ya duba ba, mai kemis ya duba, ya tambaya a hankali ko an san inda rigar take.

"Wata mai ruwan toka, mai aljihu biyu?" in ji mai kemis. "Ashe taka ce. Ai ni na kashe ta a sakandare. Ta ɗan matse ni a wuya, amma wallahi ɗinki ne mai kyau."